Hurumin Abzin da Tenere: wa zai tsare shi?

Manoma da makiyayan Timiya, a 1988 gwamnati ta keɓe fili fiye da hekta miliyan 7 a Abzin da Tenere ya zama hurumi, aka hana farauta. Da tawaye ya tashi, tsaro ya raunana, aka yi ta harbin jimina har ta kusa ƙarewa.

Teku ma ana yi masa hurumi. A Muritaniya akwai na Bandargin, tun 1976. Can an hana kamun kifi da jirgin inji. Masuntan Imragen kaɗai ke su, da jiragensu na iska, kuma suna taimakawa wajen sa ido, domin abincinsu ne.

In kun ga baƙuwar mota tana bin barewa, ku sanar da ma'aikatan gandun daji.