Yadda ake zagaya Kagoro da Nok da ɗan guzuri

Abu na farko shi ne zaɓen rana. A kudancin Kaduna, kiɗa da rawa da ado ranar biki suke fitowa, don haka wanda ya zo ba a kan lokaci ba, duwatsu da gonakin citta kawai zai gani ya koma. Ranar 1 ga Janairu ake bikin Afan a Kagoro, shi kuwa Tuk Ham na mutanen Ham ana yin sa a Kwoi wajen lokacin Ista. Duka biyun a fili ake yin su, kowa ya zo ya ba idonsa abinci.

Ka sauka a Kafanchan, domin nan ne motocin haya suke haɗuwa, kuma nan ne za ka sami masauki daidai aljihunka. Amma idan Afan ka nufa, ka kama ɗaki tun kafin Kirsimeti, saboda 'yan gari na dawowa gida daga Abuja da Kaduna da Jos, ɗakuna su yi wuya. In kana da ɗan'uwa ko abokin makaranta a garin, to, ka huta. Da yamma ka taka zuwa tashar jirgin ƙasa, wadda ta mai da Kafanchan mahaɗar layin dogo tun shekarun 1920. Yanzu ta yi shiru, sai tsofaffin gine-gine.

Kagoro ba nisa. Kada ka ɗauki shata, ka shiga ta haɗaka ko Keke Napep, ka tambayi kuɗin mota kafin ka zauna. Ranar Afan ka yi sammako ka sami wuri mai inuwa, ka ga maharba da kwari da baka, da masu busa ƙaho, da ƙungiyoyin mata kowace da anko ɗinta, ga dutsen Kagoro tsaye a bayansu. Hoto kuwa sai ka nemi izini. "Sannu Mama, in ɗauka?" ta wadatar.

Abinci kada ka wahalar da kanka. Ka nemi inda 'yan gari suke layi, ka ci faten acca ko tuwonta, ka kora da kunu. Ruwan Matsirga yana kusa da Kafanchan, sai dai da damina ya fi cika.

Washegari sai Nok, wadda a ganina ita ce dalilin tafiyar. Mota za ta kai ka Kwoi a ƙaramar hukumar Jaba, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da kai ƙauyen. A nan masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu a 1928. A 1943 aka kai wa Bature Bernard Fagg wani kai na yumɓu da aka samo a yankin Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonarsa ta doya don tsorata maɓarnata. Fagg ya ga kamanninsu ɗaya, ya sa wa wannan fasaha sunan ƙauyen. Masanan Jami'ar Goethe ta Jamus, da suka fara bincike a 2005, sun kai asalin al'adar wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa.

Akwai ɗan gidan tarihi a ƙauyen. Kada ka sa ran ganin manyan kawunan da ake bugawa a littattafai, yawancinsu suna Jos da Legas da ƙasashen waje. Abin da ka samu dai ka tsaya ka dube shi da kyau: ido mai kusurwa uku, an huda ƙwayarsa, an huda hanci, ga kitso tsaf kamar yau makitsiya ta tashi daga kansa. Ka gaida mai kula da wurin, ka ba shi na goro, zai nuna maka abin da ba za ka gano da kanka ba.

Mai yiwuwa wani ya ja ka gefe ya ce yana da "na asali" a buhu. Kada ka taya. Ko dai jabu ne, ko kuma na sata, doka kuma ta hana cinikin kayan tarihi. Haƙa ta ɓarauniyar hanya ce ta lalata wurare masu yawa kafin masana su kai gare su. Tsaraba, ka sayi busasshiyar citta a kasuwar Kwoi. Ka tambayi direbobin tasha lafiyar hanya, ka kamo ta Kafanchan tun rana ba ta faɗi ba.