Tsatsa da Motocin Ɗaukar Kaya: Wane Fenti Ya Kamata a Shafa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi ranar kasuwar Talata Mafara ya ga irin motocin da ke shigowa daga Jangebe da Bakura da Maradun. Ga akori-kura, ga kanta, ga tifa, ga kuma tsofaffin manyan motoci masu bodin katako. Daga nesa sai ka ce sababbi ne, don an sha su da fenti da rubuce-rubuce. Amma idan ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi, sau da yawa za ka tarar tsatsa ta cinye rabin ƙarfen da ke ɗauke da motar. Ranar da shasi ya karye da lodi a kan hanya, jarin mai mota ya tafi, ga kuma rayukan waɗanda suka hau saman kaya.

Kafin mu yi maganar fenti, sai da muka gwada abin a ɗakin kimiyya. Mun sami ƙusoshi huɗu da kwalabe huɗu. Ta farko mun rufe ta a busasshiyar kwalba. Ta biyu mun sa ta cikin tafasasshen ruwa, muka zuba mai a sama don kada iska ta shiga. Ta uku tana cikin ruwan rijiya a buɗe, ta huɗu kuwa cikin ruwan gishiri. Bayan mako guda, biyun farko suna nan kamar yadda muka sa su. Ta uku ta yi ja, ta huɗu ta fi ta lalacewa. Ashe ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iskar oksijin sun haɗu a kansa, gishiri kuma yana ƙara wa abin sauri. Aikin kowane fenti shi ne ya raba ƙarfe da waɗannan abubuwa.

To, ina gishiri a ƙasarmu, alhali teku na can nesa? Yana cikin kayan da muke ɗauka. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, noman rani ya zauna a wannan yanki, motoci kuma ba su rabuwa da laka da buhunan taki. Takin zamani gishiri ne a wurin masana kimiyya, yana kuma jawo laima daga iska. Buhu ɗaya ya fashe a bayan mota, garin ya shige lungu, ruwan damina ya same shi, shi ke nan an haɗa kwalba ta huɗu. Fitsari da kashin shanu ma haka suke yi wa motar da ke kai dabbobi kudu. Motocin da ake kira Beljiyam kuwa da ciwonsu suke zuwa, domin a Turai ana watsa gishiri a kan tituna lokacin ƙanƙara.

Babban kuskuren da muke gani shi ne shafa fenti a kan tsatsa. Tsatsa tana da ƙofofi kamar soso, tana riƙe ruwa, kuma tana kumbura fiye da ƙarfen da ta ci. Idan an rufe ta, sai ta ci gaba da aikinta a ɓoye, har fentin ya yi ƙuraje ya ɓare. Saboda haka sai a fara wanke laka, a goge maiƙo da tina, a kankare da burushin waya da sanfefa har ƙarfe ya fito. Inda ya hude ko ya yi siriri, wannan aikin mai walda ne, ba na mai fenti ba. Bodi-fila ba ya ɗaukar nauyi.

Wanda aka fi sani a kasuwa shi ne jan fentin shimfiɗa, wato jan oksayid, irin wanda masu walda ke shafa wa ƙofofi da tagogi. Yana da araha, ana shafa shi da burushi. Amma shimfiɗa ce kawai. Idan ba a bi shi da fenti na biyu ba, laima tana ratsa shi a hankali. A nan muna jan kunnen mai karatu: akwai wani tsohon jan fenti da ake yi da dalma, mai kama da wannan a ido. Mutanen Zamfara ba su buƙatar a gaya musu sharrin dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar duwatsun zinariya masu dalma da ake dakawa a cikin gidaje. Ƙurar tsohon fenti mai dalma ma guba ce. A karanta jikin gwangwani kafin a saya, mai kankara ya rufe hancinsa, kuma kada a yi aikin a tsakar gida inda yara ke wasa.

Akwai kuma ruwan da ke juya tsatsa, wanda ake haɗawa da asid na fosforik ko kuma tanin. Ana shafa shi a kan 'yar tsatsar da burushi ya kasa cirewa, sai ta koma baƙa ta tsaya. Abin da ya ba mu sha'awa shi ne, tanin ɗin nan yana cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, kuma haɗuwarsa da ruwan ƙarfe ita ce ke ba dukawa baƙin launi a jikin fata. Ilimin ba baƙo ba ne a gare mu. Sai dai wannan ruwa ba ya maganin tsatsa mai kauri, kuma dole a rufe shi da fenti.

Tutiya ta bambanta da sauran. Ita ce ke jikin kwanon rufi, kuma tun 1837 wani Bafaranshe mai suna Stanislas Sorel ya yi rajistar hanyar lulluɓe ƙarfe da ita. Ko an karce wurin, tutiyar da ke gefe ita ce ke fara lalacewa a madadin ƙarfen. Akwai fenti mai garin tutiya, amma ba ya aiki sai ya taɓa tsiraicin ƙarfe, kuma hayaƙinsa yana sa mai walda zazzaɓi. Ifoksi kuwa, mai gwangwani biyu da ake haɗawa, shi ne ya fi jure wa taki da fitsari. Yana da tsada, kuma da zarar an haɗa shi sai a yi sauri, don cikin 'yan awoyi yake daskarewa. Rana tana sa shi ya yi fari-fari, don haka ana ɗora masa wani fentin a inda haske ke bugawa.

Sauran biyun su ne na talaka: kwalta da baƙin mai. Fentin kwalta yana da amfani a cikin ramin taya, inda tsakuwa ke duka. Amma ba mu yarda a lafta shi a kan shasi ba, domin in ya tsufa yana tsagewa ya riƙe ruwa, ya kuma ɓoye wa makaniki tsagewar ƙarfe. Baƙin mai yana shiga lungun da burushi bai kai ba, wannan gaskiya ne. Sai dai yana tara ƙura, yana kumbura roba, har da tiyon birki, kuma yana ɗiga a gona da bakin rijiya. Ga cikin ƙofa da cikin ƙarfe mai rami, giris mai tsabta ko kakin da ake fesawa ya fi.

A ganinmu, motar da ke ɗaukar taki ko shanu ta cancanci ifoksi a ƙasan bodi da shasi, ko da za a rage adon waje. Araha ba ta ado. Akori-kura mai ɗaukar hatsi kuwa, jan oksayid shafi biyu da fenti mai kyau a sama sun ishe ta, muddin yaron mota yana wanke ƙarƙashi yana kuma buɗe ƙofofin da ruwa ke fita. A yi aikin da rani, a cikin inuwa, don ƙarfen da ya sha ranar bazara yana busar da fenti kafin ya kama. In ana hunturu, a yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura. A tabbata an gama kafin ruwan farko ya sauka, wajen watan Mayu ko Yuni.