Darasi: Fita Kallon Manyan Dabbobin Teku, da Yadda Iyali Za Su Dawo Gida Lafiya

Daga wajejen watan Yuli zuwa Oktoba, wasu manyan baƙi kan iso Mashigin Gini, wato tekun da ke gaɓar Gana, Togo, Benin, Najeriya, Kamaru da Gabon. Turawan Ingila na kiran wannan dabba wel, Faransawa kuma balen. A Kwatano da garuruwan gaɓar Gabon, masu jiragen ruwa kan ɗauki jama'a su shiga da su teku domin kallonta. 'Yan kasuwa mazauna zanguna da masu zuwa sarin kaya daga arewa su ma sukan yi sha'awar zuwa da iyalansu. Gani ya kori ji, amma yawancinmu 'yan tudu ne, ba mu saba da teku ba. Wannan darasi zai bayyana abin da za a gani, da abin da za a kiyaye.

Wace irin dabba ce?

Ko da yake siffarta ta kifi ce, wel tana shaƙar iska da huhu, tana haihuwa, tana kuma shayar da ɗanta nono. Wanda ya san ayu na kogin Kwara da Binuwai ya riga ya san irin wannan halitta. Wadda aka fi gani a ruwanmu ita ce wel mai doro. Tsawonta kan kai mita 12 zuwa 16, nauyinta kuma kimanin tan 30, kwatankwacin buhu 600 na siminti. Hancinta a bisa kai yake, shi ya sa alamar farko da ɗan kallo ke hangowa ita ce feshin numfashinta yana tashi sama kamar hayaƙi.

Abincinta ƙananan halittu ne masu kama da jatan lande, waɗanda take tacewa a ruwan sanyi na Antatika, can ƙarshen kudancin duniya. Idan hunturun can ya kama, sai ta yi tafiyar dubban kilomita zuwa ruwa mai ɗumi domin barbara da haihuwa. Cikinta kusan shekara guda ne, ɗan kuma kan zo da tsawon mita 4 zuwa 5. Farauta ta kusa ƙarar da ita a ƙarni na 20, har aka dakatar da farautar kasuwanci a duniya daga 1986, yawanta ya soma farfaɗowa.

Abin da ake gani a hanya

Kafin a kai ga wel, sau da yawa dolfin kan biyo jirgi garke-garke suna tsalle a gabansa. Akwai wani irinsu mai doro wanda ba a samunsa ko'ina sai gaɓar yammacin Afirka, kuma yana cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Akan ga kifi mai tashi yana shawagi bisa ruwa, da tsuntsayen teku suna dira kan ƙananan kifaye. Akan kuma ga kunkurun teku ya ɗago kai ya shaƙi iska. Gaɓar Gabon na cikin manyan wuraren duniya da ƙaton kunkuru mai bayan fata ke zuwa saka ƙwai, wasu ire-iren kuma kan haƙa ramin ƙwansu a rairayin Benin, Togo da Gana.

Kafin a shiga jirgi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a 2021, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Saboda haka kada a shiga jirgin da ba shi da rigar kariya daga nutsewa ga kowane fasinja. A sa ta, a ɗaure ta tun daga bakin ruwa, a tabbata ta yaro daidai jikinsa take. Jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima a bar shi ya tafi, ko da an riga an biya kuɗi, domin dukiya ana mayar da ita, rai kuwa ba a mayarwa. Babbar riga da dogon mayafi kan yi nauyi idan sun jiƙe, gara a sa tufafi marasa nauyi. Mai tsohon ciki, mai ciwon zuciya da mai farfaɗiya su nemi shawarar ma'aikacin lafiya tukuna.

A cikin jirgi

Rangajin jirgi kan kawo jiri da tashin zuciya, saboda ido da cikin kunne suna kai wa ƙwaƙwalwa saƙo mabambanta. A ci abinci kaɗan marar maiƙo kafin tafiya, a zauna tsakiyar jirgi inda iska ke kaɗawa, a kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, a ajiye waya. Taunar citta na taimaka wa wasu. Wanda ya yi amai da yawa a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A tafi da isasshen ruwan sha da malafa. Ruwan teku ba a shansa, ƙara ƙishirwa yake yi.

Idan wel ta bayyana, kowa ya zauna inda yake, domin rugawar jama'a gefe guda na iya kifar da jirgi. A ƙasashe da dama ƙa'ida ita ce a tsaya nesa da ita da kimanin mita 100. Kada a matsa wa direba ya ƙara kusantarta, kada kuma jirgi ya shiga tsakanin uwa da ɗanta.

A bakin ruwa, a hana yara taɓa wata halitta shuɗiya mai kama da ledar da aka hura. Zarurrukanta na harbi ko bayan ta mutu. Idan ta harbi mutum, a wanke wurin da ruwan teku ba tare da gogewa ba, a cire zaren da tsinke, a tsoma wurin cikin ruwa mai zafin da jiki zai iya jurewa. Idan numfashi ya sarƙe, a garzaya asibiti.

Naman da teku ya jefo

Wannan shi ne sashen da ya fi shafar kasuwa. Wani lokaci teku kan jefo mushen wel ko dolfin, jama'a su taru da wuƙaƙe, daga baya naman ya ɓulla a kasuwa a ƙyafe. Mutane da yawa sun san labarin rundunar Sahabi Abu Ubaida da ta ci wata ƙatuwar dabbar teku mai suna anbar. Hukuncin halacci na malamai ne, mu a nan maganar lafiya muke yi. Ba a san abin da ya kashe dabbar da aka tsinta ba, ba a kuma san kwanakin da ta yi cikin rana ba. A 2002, a Alaska ta Amurka, mutum 14 suka ci daga wata wel da aka tsinta a gaɓa, 8 daga cikinsu suka kamu da gubar da ke shanye jijiyoyi. Alamominta su ne ganin abu bibbiyu, faɗuwar fatar ido, wahalar haɗiya da sarƙewar numfashi. Naman dolfin kuma kan tara sinadarin makuri, wanda ke cutar da ƙwaƙwalwar ɗan tayi.

Naman kunkurun teku ma kan ɗauki gubar da dahuwa ba ta kashewa, ba ta da makari, tana kuma bin ruwan nono zuwa jariri. A watan Maris na 2024, a tsibirin Pemba na Tanzaniya, yara 8 da babba 1 suka rasu bayan cinsa. Ƙyafaffen naman da ba a san asalinsa ba, kada a saya, kada a sayar, komai arharsa. Duk wanda ya ci ya ga alama, a kai shi asibiti nan take tare da dukan waɗanda suka ci tare da shi.

Tambayoyin tattaunawa a gida da rumfa

1. Me ya sa wel mai doro ke zuwa ruwanmu, kuma a waɗanne watanni?
2. Waɗanne abubuwa biyu za ku duba kafin ku sa yaranku cikin jirgi?
3. Idan aka kawo muku ƙyafaffen nama mai arha daga bakin teku, me za ku tambayi mai shi?