Amsoshin Tambayoyinku: A Rushe Tsohon Masallaci Ko A Gyara Shi?

TAMBAYA: Masallacin unguwarmu a cikin garin Daura ginin ƙasa ne tun na kakanni, yanzu ya fara tsagewa. Mahaifina ya fi shekara biyu bai shiga cikinsa ba, domin kekensa ba ya iya haye matakala da dokin ƙofa. Kwamiti ya rabu biyu: wasu sun ce a rushe a yi na bulo, wasu sun ce tarihi ne, kada a taɓa. Mene ne mafita?
Daga wani mai karatu a Daura.

AMSA: Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka maka da alheri. Malam, kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma ba dole ba ne a zaɓi ɗaya. Ana iya gyara tsohon gini ya tsaya da kamanninsa, a kuma buɗe wa tsoho da gurgu da makaho hanyar shiga. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mu fara da masu cewa a rushe. Mutumin Daura ya fi kowa sanin darajar abin gado. Baƙi ba don dogayen benaye suke zuwa garinku ba. Suna zuwa ne su ga fadar Sarki, su ga hawan Sallar Gani, su kuma leƙa rijiyar Kusugu, inda labarin Bayajida da Daurama ya samo tushe. An gina wa rijiyar ɗaki ana kula da ita, shi ya sa har yau baƙo ke zura guga ya sha. A Katsina hasumiyar Gobarau tana nan tsaye. A Agadas hasumiyar masallacin ƙasa, wadda ta kai kimanin mita 27, tana cikin abin da ya sa hukumar UNESCO ta sa tsohon garin a jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. A Zariya kuwa, masallacin Juma'ar da magini Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 sai da aka lulluɓe abin da ya rage nasa a cikin sabon ginin kankare a shekarun 1970. Abin da aka rushe ba ya dawowa.

Tsagewa ba ita ce mutuwar gini ba. Ku kira magini na gargajiya, wanda ya san tubali da azara, ya duba abu uku: rufi, gindin bango, da indararo. Yawancin ciwon ginin ƙasa daga ruwa yake. Indararo ya toshe ko ya karye, ruwa ya kwanta a bisa soro, azara ta jiƙe, gara ta samu shiga. Ko kuwa an cike titi ya fi daɓen masallaci tudu, ruwan damina yana cin gindin bango. A canza azarar da ta ruɓe, a cike tsaga da irin ƙasar da aka yi ginin da ita, a yi yaɓe da makuba. Babban kuskuren da ake yi shi ne shafe bangon ƙasa da siminti. Siminti yana kulle danshi a ciki, ƙasar ta yi ta ruɓewa a ɓoye, wata rana filastar ta ɓamɓaro da rabin bango. Masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, yaɓen da mutanen gari ke taruwa su yi masa duk shekara ne ya riƙe shi.

Sai masu cewa kada a taɓa. Masallaci don salla aka gina shi, kuma wanda ya yi shekaru yana sahun gaba bai kamata a bar shi a waje ba don ƙafa ta gaza. Abdullahi bin Ummi Maktum, Allah Ya yarda da shi, makaho ne, kuma ladani ne a Madina. Alhazanmu sun ga yadda aka tanadi kekuna da hanyoyin gangara a Harami. Ta fuskar hukuma ma, a watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garinku, ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin kuma ya cika a 2024.

Ƙa'idar aikin ita ce a ƙara abin da ake buƙata daga waje, ta yadda za a iya cire shi gobe ba tare da an raunata tsohon bango ba. A zaɓi ƙofar da ta fi kusa da ƙasa, a yi mata gangara. Ma'aunin da aka saba shi ne duk tsayin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12. Idan matakala uku ce, kowace santimita 15, gangarar za ta kai mita 5 da santimita 40. In ta fi haka tsayuwa, mai keke zai iya kifewa. A sa ƙarfen dafawa gefe biyu, a guji tayil mai santsi, a kuma bar ɗan tazara tsakaninta da bango don ruwa ya wuce. Faɗin ƙofa ya kai santimita 90. Dokin ƙofa ba sai an sare shi ba, katako mai gangara ciki da waje ya wadatar. Kada a faɗaɗa ƙofar da ke ɗauke da bakan gizo sai da shawarar magini.

Ka tsaya a bakin masallaci ranar Juma'a ka duba. Za ka ga bawan Allah yana jan jiki, silifa a hannuwansa, yana ratsa ruwan alwalar da ya malale, ga takalma sun yi tuli a ƙofa, ga babura sun tare hanya. Wannan gyaransa ba ya cin kuɗi sosai: magudanar ruwa, maratayin takalma a gefe, dakalin zama mai famfo a ƙasa-ƙasa, da kujeru biyu ko uku a ƙarshen sahu. In ana jin tsoron najasa a tayar keke, a ajiye keke ɗaya na cikin masallaci, ko a nemi bayanin liman.

Shawarata ita ce ku ɗauki hoton ginin ciki da waje kafin a taɓa komai, ku sanar da mai unguwa da masarauta, ku kuma nemi shawarar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Ranar awo ku zo da Baba da kekensa, da makaho ɗaya, su gwada hanyar da kansu kafin a zuba simintin gangara, domin su suka san inda ke yi musu wuya. Ku fara aikin da rani, ku gama kafin ruwa ya sauka. Kai wannan bayani gaban kwamiti, Malam, ka roƙe su a gyara, kada a rushe. Allah Ya ba da ikon aiwatarwa, amin.