Rigar Sanyi Mara Nauyi: Darasi Daga Ilmin Halittu Ga Mai Kwanan Waje a Hunturu

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Bodinga da Shagari zuwa Tambuwal da asubar watan Disamba ko Janairu zai ga mutane sun dunƙule a gefen hanya sun kewaye wuta. Daga cikinsu akwai waɗanda a waje suka kwana: makiyaya a ruga, manoman rani masu gadin albasa da tumatur a fadama, masu gadin kasuwa, da ɗalibai 'yan sikawut idan sun fita zango. Kowannensu yana bukatar tufar da za ta tsare shi daga ɗari ba tare da ta zame masa kaya ba. Mutane da yawa suna auna rigar sanyi da nauyinta, suna ganin wadda ta fi nauyi ita ta fi ɗumi. Wannan darasi zai nuna cewa lissafin ba haka yake ba, zai kuma bayyana yadda ake zaɓen riga mai ɗumi mara nauyi.

Me Ya Sa Daren Hunturu Yake Da Sanyi?

Iskar hunturu tana busowa ne daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara, tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu ko farkon Maris. Mafi yawan ƙurar da take ɗaukowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa. Busasshiyar iska ce ƙwarai. Da damina, tururin ruwa da gajimare suna zama kamar mayafi a sama, suna mayar wa ƙasa da wani kaso na zafin da take fitarwa da dare. Da hunturu kuwa wannan mayafi ya yi ƙaranci, don haka zafin da ƙasa ta tara da rana sai ya yi ta tserewa tun daga faɗuwar rana har wayewar gari. Shi ya sa a yankin Sakkwato zafin rana kan haura digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, amma kafin asuba ya sauko kusa da digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka. Bugu da ƙari, iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, saboda haka takan gangara ta taru a kwari. Mai kwana a fadama ko a bakin madatsar ruwa ta Shagari ya fi wanda yake kan tudu shan ɗari.

Jiki Ne Murhu

Zafin cikin jikin ɗan Adam yana tsayawa kusa da digiri 37. Wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus shi ne ke lura da wannan ma'auni. Zafin kuwa daga abinci yake samuwa, domin ƙwayoyin jiki suna ƙona abincin da iskar oksijin. Baligi da yake zaune yana fitar da zafi kimanin wat 80 zuwa 100, wato kamar tsohon ƙwan lantarki guda. Idan sanyi ya taso, jijiyoyin jini na fata sai su tsuke don kada jini ya kai zafi waje, daga nan sai makyarkyata ta biyo baya, wadda ba komai ba ce illa tsokoki suna aiki don su ƙara zafi. In zafin ciki ya faɗi ƙasa da digiri 35, an shiga hatsari: magana ta sarƙe, hankali ya dugunzuma, barci mai nauyi ya zo.

Abin lura a nan shi ne riga ba ta haifar da zafi ko kaɗan. Aikinta kawai ta rage gudun zafin da jiki ya samar. Zafin yana fita ta hanyoyi huɗu. Ta farko ita ce taɓawa, kamar idan an kwanta a ƙasa mai sanyi. Ta biyu ita ce kaɗawar iska, wadda take share iskar ɗumi da ke manne da fata. Ta uku ita ce haskakawa, irin yadda ake jin zafin garwashi daga nesa. Ta huɗu ita ce bushewar gumi ko ruwa daga fata.

Darasi Daga Kaza Da Rimi

Mai karatu ya lura da kaza ko kurciya da sanyin safiya, zai ga ta hura gashinta ta yi ƙato. Nauyinta bai ƙaru ba, iska ce ta tara tsakanin gashin. Iskar da take tsaye wuri guda ba ta iya wuce da zafi sosai; ruwa ya fi ta saurin wuce da zafi kusan sau 25. Tashin tsigar jiki da mutum yake ji irin wannan yunƙuri ne, sai dai gashinsa ya yi kaɗan.

Tumakin wannan yanki, irin su uda da balami, gashi gajere gare su, ba ulu ba, haka ma jar akuyar Sakkwato, domin babbar matsalarsu a shekara zafi ce. Amma tumakin Masina na ƙasar Mali suna da ulu, kuma da shi masaƙan Fulani na can suke saƙa barguna masu kauri. A ƙasar Hausa, magabata sun san amfanin audugar rimi, wadda suke cusawa a matashi da katifa da lifidin dawaki. Kowane silin audugar rimi rami ne da shi a ciki, cike da iska, shi ya sa take da girma amma ba nauyi. Ka'idar ke nan: ɗumin tufa yana cikin kaurin iskar da ta kama. A 1941 masana uku, Gagge da Burton da Bazett, suka fito da ma'aunin ɗumin tufafi mai suna kulo. Kulo ɗaya shi ne tufar da ta isa mutumin da yake zaune ya ji daidai a ɗaki mai digiri 21.

Abin Da Ake Cusa Wa Riga

Na farko shi ne lallausan gashin ƙirjin agwagwa ko dinya. Babu abin da ya fi shi ɗumi idan aka gwada da nauyinsa. A 1922 George Finch ya sa irin wannan riga a yunƙurin hawan dutsen Everest, a 1940 kuma Eddie Bauer ya yi rajistar tasa ƙirar a Amurka. A jikin irin waɗannan riguna akan ga lamba kamar 550 ko 700 ko 800. Lambar tana nuna yawan wurin da giram 28 na gashin yake cikawa idan ya kumbura. Mafi girman lamba, mafi kumburi. Aibinsa shi ne idan ya jiƙe sai ya dunƙule, iskar ta fita, ɗumin ya tafi.

Na biyu shi ne zaren foliyesta da aka barbaza kamar auduga. Kamfanin 3M ya fito da Thinsulate a 1979, PrimaLoft kuwa an ƙirƙiro shi ne a shekarun 1980 domin sojojin Amurka. Wannan ya ɗan fi gashin tsuntsu nauyi, amma yana riƙe ɗumi ko da ya sha laima, yana saurin bushewa, yana da sauƙin wanki da arha.

Na uku shi ne ulu, wanda yake iya shan laima kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba a ji shi jiƙe ba, kuma ba ya saurin kama wuta, sai dai yana da nauyi. Na huɗu ita ce auduga. Tana da daɗi a fata, amma idan ta sha gumi sai ta riƙe shi, ta manne, ta yi ta janye zafin jiki.

Tun da hunturu ba ruwan sama, gashin tsuntsu zai yi wa mai gadin kasuwa ko ɗan sikawut daidai. Mai ban ruwa a fadama kuwa, wanda kullum yana cikin laima, foliyesta ta fi dacewa da shi. Babu bukatar rigar da aka yi domin ƙasashen ƙanƙara. Mai matsakaicin kauri ta isa, domin wadda ta yi yawa gumi za ta jawo.

Yadda Ake Zaɓe a Kasuwa

Yawancin rigunan sanyi a kasuwannin yankin na gwanjo ne, don haka sai an duba da kyau. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

1. A matse rigar a hannu a sake ta. Idan ta kumburo nan da nan, cikinta yana da rai. Idan ta zauna a shafe, ta gaji.

2. A ɗaga ta a rana. Duk inda haske ya ratsa sosai, abin da aka cusa ya gudu daga wurin.

3. A kara baki a ƙyallen waje a hura. Idan iska ta wuce cikin sauƙi, iskar hunturu ma za ta wuce. Wannan ya fi shafar masu hawa babur da asuba.

4. A duba wuya da bakin hannu da ƙugu da zif. Iska mai ɗumi sama take yi, ta wuya take tserewa. Riga mai hula ta fi.

5. A gwada ta a kan wata riga. Matsattsiya tana danne iskar, mai faɗi ainun kuma iska tana yawo a cikinta.

Bayan an saya, a wanke ta a shanya ta bushe sarai. Idan hunturu ya wuce, a rataye ta, kada a danne ta a ƙasan akwati.

Riga Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Tufafi uku marasa nauyi sun fi guda ɗaya mai nauyi: ta ciki busasshiya, ta tsakiya mai kama iska kamar suwaita, ta waje mai tare iska. Ana iya cire ɗaya idan rana ta ɗaga. Wanda ya yi aiki da yamma ya sauya rigar da ta sha gumi kafin ya kwanta. Har ila yau, nauyin mutum yana danne ɓangaren rigar da ya kwanta a kai, don haka a shimfiɗa kara ko ciyawa, sannan tabarma, sannan buzu ko bargo. A rufe kai da ƙafafu, a kuma ci abinci, domin murhu ba ya ci ba itace.

Akwai hatsari biyu. Nailan da foliyesta suna narkewa su manne a fata idan tartsatsi ya same su, saboda haka mai jin wuta ya ja baya. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ko tanti kuwa yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kashe mai barci.

Ƙananan yara sun fi manya saurin rasa zafi, domin faɗin fatarsu yana da yawa idan aka gwada da girman jikinsu. Tsofaffi ma haka suke bukatar kulawa, da masu ciwon sikila, waɗanda sanyi yake iya tayar musu da ciwo. Almajiran da suke kwana a zaure suna cikin waɗanda ya kamata a fara tunawa da su.

Gwaji Domin Aji

Malami ya samo kwalabe huɗu iri ɗaya, ya zuba musu ruwan ɗumi daidai wa daida, ya toshe. A bar ta farko tsirara. A naɗe ta biyu da busasshiyar auduga sakwa-sakwa. A naɗe ta uku da auduga mai nauyi ɗaya da ta biyu, amma a ɗaure ta tamau. A naɗe ta huɗu da jiƙaƙƙiyar auduga. A ajiye su a inuwa inda iska take kaɗawa, ɗalibai su riƙa auna zafin kowace bayan minti 10 har awa guda, su zana sakamakon a jadawali. Sannan su amsa: me ya bambanta ta biyu da ta uku, alhali nauyin audugarsu ɗaya? Wace hanya ce ta ƙara janye zafin ta huɗu?

Kammalawa

An ga cewa jiki ne yake samar da zafi, iskar da tufa ta kama ita ce take tsare shi, ruwa da kaɗawar iska kuma su ne suke sace shi. Saboda haka wanda zai kwana waje a Bodinga ko Shagari ya nemi riga mai kumburi, mai tare iska, ya kiyaye ta daga jiƙewa, ya kuma kyautata shimfiɗarsa. Rigakafi ya fi magani.