Kututturen da Muke Ƙonawa Kowace Bazara

Duk shekara idan bazara ta kama, manomi kan ɗauki gatari da adda ya shiga sharar gona. Tohon sabara, kalgo, magarya ko gawo da ya fito a kan kututture sai a sare, a tara, a cinna masa wuta, domin a ganinmu gona fes ita ce shaidar manomin kirki. Da ruwa ya sauka kuma, mutumin nan ne zai zauna jiran dashen leda daga hukuma ko wata ƙungiya. Mu malaman gona mun daɗe muna kallon wannan asara. Itacen da ake jira daga waje yana nan cikin gonar da ransa, kuma gwanintar rainonsa tana hannun mai gonar. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin da ake yi wa kallon ɗan kurmi, itace ne da aka sare shekarun baya, amma saiwarsa ba ta mutu ba. Ta riga ta nutsa ta cim ma damshi, ta tara abinci, shi ya sa take sake toho duk yadda aka sare ta. Dashen leda kuwa jariri ne: yana son ban ruwa, yana son shinge, ga akuya, ga gara, ga zafin rani, kuma da yawansa ba ya ganin damina ta biyu. Wannan bambanci ne Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, ya lura da shi a yankin Maraɗi a 1983, bayan dashen da suke ta yi ya ƙi kamawa. Manoma suka fara barin toho suna gyara shi, abin da a Nijar ake kira sassaben zamani. Bayan kimanin shekara ashirin, hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna cewa wajen hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram sun sake yin itatuwa, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 200. Kusan dukkansu ba dasa su aka yi ba.

Aikin ba ya bukatar kuɗi. Kafin shara, a zaga gonar a zaɓi kututturan da ake so a raina. A kowanne a bar rassa miƙaƙƙu masu ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, a cire sauran. Waɗanda aka bari a sassabe ƙananan rassansu na gefe har zuwa rabin tsayinsu, da wuƙa ko adda mai kaifi, ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. A ɗaura tsumma a jiki domin mai wucewa ya san da mai shi, sannan a riƙa komawa bayan 'yan watanni ana cire sabon toho. Wane itace za a bari, wannan ba sai an tambayi malamin gona ba. Tsohon manomi ya san wanda gero ke so a gindinsa, matan da ke itacen girki sun san wanda ke ci da kyau da wanda ke hayaƙi, makiyayi ya san ganyen da dabba ke ci a tsakiyar rani. Ilimi ne da ba a rubuta ba, shi ya sa ake raina shi.

Za a ce inuwa tana kashe gero. Gaskiya ne idan an bar itace ya yi duhu ba gyara, amma sassabe shi ne maganin hakan. Gawo ma a damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa shuka rana, ga shi yana ƙara wa ƙasa taki, ga 'ya'yansa abincin dabbobi. Kowa ya san yadda gero ke yi a gindin gawo. Itatuwa kuma suna karya iskar farkon damina da ke binne shuka da rairayi har a sake iri. Masu tsoron tsuntsaye su tuna cewa jan baki yana afka wa gona ko da itace ko babu. Mai garmar shanu kuwa sai ya zaɓi kututturan da suka zo kan layi ko kan iyaka.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na mallaka: don me zan raini itace wani ya zo da dare ya sare, ko ma'aikacin gandun daji ya ci ni tara idan na taɓa shi? Tarihin Maraɗi ya nuna wannan damuwa tana da tushe. A farin 1984 an raba abinci ga masu barin itatuwa, da rabon ya ƙare sai aka sare mafi yawansu. Abin ya ɗore ne lokacin da waɗanda suka bar nasu suka fara samun itacen girki, harawa da kuɗi, kuma hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga da ke yankin Agye sun kafa kwamitin tsaro da ya haɗa manoma, mata da makiyaya, tare da tara ga mai sata. Ke nan maganin ɓarawon itace yarjejeniyar gari ce, da sa bakin mai gari da na ma'aikatan daji.

Ƙasar Katsina, Jigawa, Zamfara da Sakkwato iri ɗaya ce da ta Maraɗi, sabara da kalgon ma su ne dai. Dashe yana da wurinsa inda saiwa ta ƙare ƙaf, amma a yawancin gonakinmu ba ta ƙare ba. Bana kafin a kunna wutar shara, kowane manomi ya ware ko da kwata ɗaya na gonarsa, ya raini kututture goma, ya kai maganar gaban mai gari don maƙwabta su sani. Bayan damina biyu sai ya gwada wannan ɓangare da sauran, ya yanke hukunci da kansa.