Idan An Kama Naka: Yi Wannan, Bar Wancan

Da kai nake, manomi, ɗan ƙwadago, yaron shago, wanda ganin kaki kaɗai ke kashe wa gwiwa. Tsoron nan naka shi wasu ke ci da shi a caji ofis.

Kada ka biya kuɗin beli. Belin 'yan sanda kyauta ne. Kada ka kai akuya ko buhun gero kasuwa don "kuɗin takarda". In an matsa maka, ka ce a ba ka rasit, ko a kai ka gaban DPO.

Ka riƙe lokacin da aka kama naka. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai mutum gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Laifin da hukuncinsa kisa ne aka ware.

Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Nan ne mutanen karkara suka fi halaka. A rubuta da Turanci, a ce "dangwala ka tafi gida", sai ranar zama ka ji ana karanto cewa ka amsa laifi da bakinka. Kana da ikon yin shiru har ka ga lauya. A kotu ma, in ba ka jin yaren da ake yi, ka nemi tafinta. Sashe na 36 ya ba ka shi, ba ko sisi.

Kada ka yarda a tafi da uwa ko mata a madadin wanda ya gudu. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta.

Kai kuma ubangida, ka ji tsoron Allah. Bashi ba sata ba ne, kuma ɗan sanda ba mai karɓar bashi ba ne. Kada ka sa a rufe yaronka don ya nemi haƙƙin guminsa, ko don lissafi ya rikice muku. Ka yanko masa sammaci, ku je gaban alƙali.

Kada ka ce mace ba ta tsaya wa mutum a beli. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta yarje mata.

Mai unguwa da dagaci, ku sasanta rikicin iyakar gona da ɓarnar dabbobi, wannan aikinku ne. Fyaɗe kuwa kada ku kuskura ku kashe shi a zaure da sunan rufin asiri. 'Yan banga, ku miƙa wanda kuka kama ga hukuma. Azabtarwa laifi ce a dokar 2017.

In an wuce da naka gidan yari, kada ka koma gida ka ce ka bar wa Allah. Mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke, wasu shekara da shekaru. Ka karɓi lambar shari'ar da ranar zama wurin magatakarda, ka sa ɗan makaranta ya rubuta maka, ka nufi Hukumar Ba da Agajin Lauya a babban birnin jiharku. Tun 1976 aka kafa ta domin wanda ba shi da kuɗin ɗaukar lauya.